Gurasa da Butar Ruwa: Magana ga Mai Alhini

Ya ɗan'uwana mai karatu, ko ka san wannan sa'a ta dare, bayan gari ya yi tsit, tun zakara bai yi cara ba, sa'ad da mutum ya kan farka ba wanda ya tashe shi? Yana kwance idonsa biyu, zuciyarsa tana dukan uku-uku. Tunani ɗaya ya zo, ya jawo ɗan'uwansa: kuɗin makarantar yara, bashin takin bara da ba a biya ba, yaron da ya tafi birni ba a jin labarinsa, hanyar kasuwa ta gobe ko lafiya ta ke. Ya juya dama, ya juya hagu, tabarma ta zama masa ƙaya. Da gari ya waye ya tashi da gajiya sai ka ce wanda ya kwana yana huɗa. In maƙwabci ya gaishe shi, ya ce lafiya lau, ya wuce da kayansa a ciki.

Wannan abu shi ne a ke ce da shi alhini, ko zullumi, ko fargaba. Idan kai ne mai wannan kwana, ka sani ba kai kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne a duniya waɗanda alhini ya kai su ga matsayin ciwo, mata kuwa sun fi maza yawa a cikinsu. Waɗanda abin bai kai su can ba, amma yana cinsu a hankali kamar gara a cikin azara, wa zai iya ƙidaya su?

Mai bin Yesu kuwa sau da yawa kaya biyu ya ke ɗauka. Akwai alhinin kansa, sa'an nan akwai kunyar alhinin. Ya ji ana wa'azi cewa Ubangiji ya hana almajiransa damuwa a kan abinci da sutura, ya nuna musu tsuntsaye da furannin jeji. Sai ya ce a ransa, ashe ni ba ni da bangaskiya, ashe Allah yana fushi da ni. Daga nan tsoronsa ya haifi wani tsoro. Saboda irin wannan mutum na ke rubuta wannan takarda, ina kuwa so in kai shi wurin wani bawan Allah wanda ba wanda zai ce ba shi da bangaskiya, mu ga yadda Allah ya yi da shi.

Labarin yana cikin Littafin Sarakuna na Fari, sura 18 da 19. Annabi Iliya ya tsaya shi kaɗai a bisa dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al su 450, wuta ta sauko daga sama bisa ga roƙonsa, ruwan sama ya komo bayan fari na shekaru. A ranar nan kuma ya yi gudu da ƙafa a gaban karusar sarki Ahab har Yezreyel. Ba a daɗe ba sarauniya Yezebel ta aiko masa da saƙo cewa kafin gobe war haka za ta kashe shi. Mutumin da bai ji tsoron taro ba, saƙon mace ɗaya ya tashe shi. Ya gudu kudu har Biyer-sheba, tafiyar kwanaki, ya bar baransa a can, ya shiga jeji tafiyar yini guda, ya zauna a gindin wani ɗan itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa.

To, me Allah ya yi? Da ni da kai ne, da wataƙila mun fara da faɗa. Da mun ce, Haba Iliya, kai da ka ga wuta jiya! Allah bai yi haka ba. Ya bar shi ya yi barci. Sa'an nan mala'ika ya taɓa shi, ya nuna masa gurasa da aka gasa a kan garwashi da butar ruwa a wajen kansa. Ya ci, ya sha, ya sake kwanciya, ba wanda ya hana shi. Mala'ikan ya komo na biyu, ya sake ciyar da shi, gama tafiyar da ke gabansa ta fi ƙarfinsa. Sai bayan barci biyu da ci biyu da doguwar tafiya ta kwana arba'in zuwa Horeb, sa'an nan ne Allah ya tambaye shi abin da ke damunsa.

Ka lura da jerin nan da kyau, gama shi ne dukan abin da na ke so in faɗa maka. Wanda ya yi mutum daga turɓaya ya san ruhu da jiki a ɗaure su ke da igiya ɗaya. Ba shi jin kunyar ya fara jiyyar annabinsa da barci da gurasa. Mu ne mu ke tsammani abin da ya shafi tuwo da kwana ba na ibada ba ne.

Masana jikin mutum sun bayyana mana yadda tsoro ya ke aiki. A bisa kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka ƙarama. Idan mutum ya hangi haɗari, ƙwaƙwalwa ta kan aika musu, su zuba wani ruwa cikin jini wanda a ke kira adirenalin. Nan da nan zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sama-sama, baki ya bushe, ciki ya daina narkar da abinci, gumi ya karyo. Wani likita a jami'ar Harvard ta Amurka, mai suna Walter Cannon, ya rubuta bayanin wannan a 1915, ya nuna shiri ne da jiki ya ke yi domin faɗa ko gudu. Kyauta ce daga Allah. Ba domin ita ba, da wanda ya ga kububuwa a kan hanya bai yi tsalle ba. Amma jiki ba shi iya rarrabe kububuwar hanya da ta cikin tunani. Mai kwance yana zana asarar da ba ta zo ba, jikinsa yana shirin gudu alhali ba inda za shi. Kamar karen gida ne wanda aka ajiye domin ɓarawo, amma yunwa da rashin barci suka sa yana haushin kowane ganye da iska ta kaɗa. Ba kashe shi za a yi ba. Ciyar da shi za a yi, a hore shi.

Sai mu fara inda Allah ya fara, wato barci. Babban mutum yana bukatar sa'a bakwai ko fiye da haka kowane dare. Wanda ya saba ragewa, tsoronsa ya kan yi saurin tashi, haƙurinsa ya gajarta, ƙaramin abu ya zama masa dutse. Ka sa wa kanka lokacin kwanciya da lokacin tashi, ka riƙe su kowace rana, har ranar da ba ka da aiki, gama jiki yana son al'ada kamar yadda tumaki su ke sanin sa'ar komowa gida. Idan ka kwanta barci ya ƙi zuwa, kada ka yi ta kokawa da shi a kan gado. Ka tashi ka zauna a wuri mai ɗan haske, ka yi wani abu mai sauƙi, in ido ya yi nauyi ka koma.

A nan dole in taɓa wani abu da mu ke ƙauna, wato goro. Ba na cewa goro zunubi ne, ko kaɗan. Da shi a ke neman aure, da shi a ke girmama baƙo. Amma a cikinsa akwai wani sinadari mai suna kafeyin, shi ne kuma ke cikin shayi da gahawa da waɗansu abubuwan sha na kwalba da gwangwani da samari ke sha domin kuzari. Aikinsa shi ne ya kori barci, ya gaggauta zuciya. Jiki kuwa ya kan yi wajen sa'a biyar kafin ya fitar da rabinsa. Wato goron da ka ci da la'asar, rabin ƙarfinsa yana nan cikin jininka sa'ad da ka ke shimfiɗa tabarma. Mutane da yawa suna roƙon Allah ya kwantar musu da zuciya da dare, ga kuwa jan goro a haƙoransu. Ka gwada ka bar shi daga azahar, mako biyu, ka gani. Idan ka daɗe kana ci da yawa, ka rage a hankali, gama yankewa gaba ɗaya ta kan kawo ciwon kai na 'yan kwanaki.

Sa'an nan akwai baƙon da kakanninmu ba su san shi ba, wanda ya shiga har cikin gidan sauro, wato wayar hannu. Dā mutum ya kan ji masifar garinsa da ta maƙwabta, ya yi musu addu'a, ya kwanta. Yanzu kuwa kafin ya rufe ido ya ga gawar da aka kashe a wata jiha, da ambaliyar wata ƙasa, da jita-jitar da ba a san wanda ya ƙaga ta ba, duka a tafin hannunsa. Ba a yi zuciyar ɗan Adam domin ta ɗauki makokin duniya duka a dare ɗaya ba. Wannan kaya na Allah ne. Ka zaɓi lokaci ɗaya da rana ka ji labari, domin kada ka zama jahilin abin da ke faruwa. Da an ci tuwon dare, ka ajiye wayar nesa da inda ka ke kwana. Kuma abin tsoron da aka aiko maka wanda ba ka tabbatar ba, kada ka tura wa wani, gama mai yin haka yana zuba wa maƙwabcinsa garwashi a gado.

Maganar abinci gajeriya ce. Kada ka fita da safe da ciki wofi, ka yini a kan goro da ruwa. Yunwa tana kawo rawar jiki da jiri da saurin fushi, mai alhini kuwa ya kan ɗauki waɗannan alamu kamar wani mugun abu ne ke zuwa. Ko koko ne da ƙosai, ko ɗumame, ka ci a kan kari. Azumi yana da wurinsa a cikin ibada, amma ka tuna ba azumi aka ɗora wa Iliya a gindin itacen nan ba.

Giya kuwa maƙaryaciya ce a wannan sha'ani. Ta kan sassauta wa mutum na sa'a ɗaya ko biyu, ta sa shi barci da wuri, sa'an nan ta tashe shi da tsakar dare, da safe ta mayar masa da fargabarsa da riba. Haka ƙwayoyin da samari ke saye a ɓoye. A 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda ya ke cinye matasa, maza da mata. Da yawa cikin masu sha ba nishaɗi suka fara nema ba, wurin ɓuya daga tunani su ke nema. Wanda ya ɓuya a can, ya shiga ramin kura domin gudun ruwan sama.

Bayan ci da barci, Iliya ya yi tafiya. Jikin da ya shirya gudu, sai an ba shi motsi ya ke sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawara su yi motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato kamar rabin sa'a a kwana biyar, tafiya mai ɗan sauri wadda za ta sa numfashi ya ƙaru amma mutum yana iya magana. Manomi da damina ba shi bukatar a gaya masa wannan, fartanya ta isar masa. Amma tela, da mai shago, da malamin ofis, da direba, da manomin nan kansa idan rani ya yi yana zaune a gindin bishiya yana lissafin hatsin da ya rage a rumbu, su ne na ke nufi. Ka tashi da sanyin safiya ka taka. Ka je coci da ƙafa idan ba nisa. Ka gyara danga, ka yi lambu a bakin fadama, ka sassaƙa ƙota. Hannun da ke aiki ya kan janye zuciya daga tuƙa da warwara.

Ga 'yan'uwa mata kuwa sau da yawa maganar a juye ta ke. Ke da ki ke tashi tun da duhu, ki ɗebo ruwa, ki yi daka, ki yi girki, ki goya yaro, ki je gona ko kasuwa, ki zama ta ƙarshe a kwanciya, ba motsi ne ya gaza miki ba, hutu ne. Marta ta karɓi Ubangiji a gidanta da zuciya ɗaya, duk da haka yawan hidima ya raba mata hankali, shi kuwa ya kira sunanta sau biyu da taushi. Kai maigida, da kai na ke. Idan matarka ta rame, ba ta barci, ƙaramin abu ya sa ta kuka, kada ka ce halin mata ne. Ka duba nawa ne cikin kayanta za ka iya saukewa, ko ka sa yara maza su ɗauka. Allah ya sa ranar hutu ɗaya cikin bakwai, ya kuwa ambaci bara da baiwa da dabba a cikin dokar, domin kada mai iko ya huta a kan wuyan marar iko. Ranar Lahadi wadda mace ta fi wahala a cikinta fiye da sauran kwanaki, ba a kiyaye ta ba tukuna a gidan nan. Ubangiji Yesu da kansa, da ya ga almajiransa ba su da zarafi ko na cin abinci, ya janye su zuwa wurin da ba kowa domin su huta. Markus ya rubuta wannan a sura 6.

Idan fargaba ta auko maka farat ɗaya, a kasuwa ko a cikin mota, ƙirji ya ɗaure, ka ji kamar mutuwa ta zo, ga abin yi. Ka zauna. Ka ja numfashi ta hanci a hankali har ciki ya taso, ka sake shi a hankali, fitarsa ta fi shigarsa tsawo. Ka yi ta yi. Jinkirin numfashi ya kan sa zuciya ta rage gudu. Irin wannan tashin hankali ya kan kai ƙarshen ƙarfinsa cikin 'yan mintoci, sa'an nan ya sauka da kansa kamar hadarin da iska ta kore. Amma idan karo na fari ne, ko da ciwon ƙirji, ka je a duba ka.

Yanzu wani zai ce, Malam, duk na ji, amma bashin nan gaskiya ne, ba mafarki ba ne; barci ba zai biya shi ba. Gaskiyarka. Saboda haka sai mu rarrabe tsakanin tanadi da alhini, gama kama su ke yi kamar gero da ƙaiƙayi a masussuka. Yusufu a Masar ya hangi yunwa tun da sauran shekara bakwai, ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasa, ya ceci al'umma. Wannan tanadi ne, Allah kuwa ya sa masa albarka. Isra'ilawa a jeji an ba su manna ta yini guda kowace safiya. Waɗansu suka ƙi yarda gobe ma za a ba su, suka ɓoye, ta kwana ta yi tsutsa ta yi wari. Wannan alhini ne. Ga yadda za ka gane su a cikin zuciyarka: tanadi ya kan ƙare da wani aiki da hannu zai kama, sa'an nan ya yi shiru. Alhini kuwa ba shi ƙarewa. Kewaya ya ke yi kamar jakin da aka ɗaure a turke, ya yini yana tafiya bai je ko'ina ba.

To, ka yi haka. Kowace rana, tun da sauran haske, ba da dare ba, ka keɓe kamar rubu'in sa'a. Ka ɗauki takarda ka rubuta abubuwan da ke cinka, ko ka faɗe su da baki idan ba ka rubutu. Kowanne ka tambaye shi: akwai abin da zan iya yi a kanka gobe? In akwai, ka sa masa lokaci. In babu, kamar ruwan sama, da farashin kasuwa, da zuciyar wanda ya yi nisa, ka ambace shi da sunansa a gaban Allah, ka bar shi nan. Idan ya komo maka da tsakar dare, ka ce masa, Na riga na ji ƙararka, sai gobe da la'asar. Da fari ba zai yarda ba, zai yi ta ƙwanƙwasa ƙofa. A kwana a tashi zai koyi lokacinsa.

Abin da kuwa ka sa wa lokaci, ka aikata shi, ko da gwiwa tana rawa. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba abin kunya ba ne a bi ka, abin kunya shi ne ka riƙa sake hanya domin kada ku haɗu da mai kuɗin. Kowace rana da ka kauce masa, tsoronsa ya kan ƙara girma a idonka. Ka je da ƙafarka, ka gaishe shi, ka faɗi abin da za ka iya biya da lokacin da za ka biya. Ko ya yi faɗa, za ka kwana da sauƙi fiye da jiya. Haka maganar da ke tsakaninka da ɗan'uwanka, haka kumburin da ka ke ji a jiki kana tsoron nuna wa likita. Gudu shi ne abincin tsoro. A Horeb, bayan iska da girgizar ƙasa da wuta sun wuce, Allah ya yi magana da Iliya da murya marar ƙarfi, ya kuwa mayar da shi ta hanyar da ya fito, ya ba shi aiki a hannu: mutum uku da zai keɓe, Hazayel da Yehu da Elisha.

Akwai kuskure ɗaya da Iliya ya yi wanda mu ma mu ke yi: ya bar baransa a baya, ya shiga jeji shi kaɗai. A cikin kaɗaici ne ya tabbatar wa kansa cewa shi ɗaya ya rage mai tsoron Allah a Isra'ila. Allah ya gyara masa lissafi, ya ce akwai mutum dubu bakwai. Mai alhini kullum lissafinsa ya kan karkata, ba kuwa zai gane ba sai wani ya duba tare da shi. Mu mutanen ƙasar nan an hore mu da zurfin ciki, mun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Akwai hikima a ciki, ba kowa a ke buɗe wa asiri ba. Amma ka nemi mutum ɗaya, mai riƙon amana, dattijo ko aboki ko matarka, ka gaya masa gaskiyar yadda ka ke kwana. Kada kuma ka janye daga sujada da zumuntar mata ko ta maza domin ba ka jin daɗin jama'a. Lokacin da ba ka son zuwa, lokacin ne ka fi bukata.

Charles Spurgeon, mai wa'azin nan na birnin Landan wanda dubbai su ke taruwa su ji shi, ya san wannan kwari. A watan Oktoba na 1856, yana da shekara 22, yana cikin jagorar sujada a wani babban zaure sai waɗansu suka yi ihun gobara ta ƙarya, jama'a suka ruɗe, mutum bakwai suka mutu a turmutsitsin. Abin ya karya masa zuciya, baƙin ciki da fargaba suka riƙa komo masa har mutuwarsa a 1892. Bai ɓoye ba. Ya gaya wa ɗaliban makarantarsa ta masu wa'azi a fili cewa irin wannan zai same su, kada su yi mamaki, ya kuma gargaɗe su cewa yawan zama a rufaffen ɗaki ba motsi ba iska shi kansa yana karya ruhu, su fita su yi tafiya a sarari, su karɓi hutu ba tare da jin laifi ba.

Addu'a fa? Ban ajiye ta baya domin ƙanƙanta ba, sai domin akwai abin lura. Akwai wata irin addu'a wadda alhini ce kawai da ido a rufe: mutum ya durƙusa ya yi ta maimaita tsoronsa, ya tashi ya fi dā nauyi. Manzo Bulus, yana ɗaure a kurkuku, ya koya wa Filibiyawa su haɗa roƙonsu da godiya. Godiya ita ce ta ke juya ido daga abin da babu zuwa abin da aka riga aka bayar. Kafin ka roƙi kome, ka ambaci abu uku na yinin nan da sunansu, ko da ƙanana ne: ruwan da ka sha, yaron da zazzaɓinsa ya sauka, wanda ya gaishe ka a hanya. Ka sa wa addu'a lokatai kamar yadda Daniyel ya yi sau uku a yini, domin kada ta zama sai tsoro ya kore ka ka ke zuwa. Idan bakinka ya rasa abin faɗi, ka buɗe Zabura. Masu rubuta ta sun yi kwanan zaune kafin ka, ba su kuwa ɓoye wa Allah ba.

Dole kuma in faɗa maka iyakar wannan shawara, domin kada in zama mai yaudara. Waɗannan al'adu suna taimakon mutane da yawa, amma ba a dare ɗaya ba. Ka ba su makonni. Akwai kuma alhinin da ya fi ƙarfinsu. Idan abin ya yi watanni, ya hana ka aiki, ko ci, ko fita daga gida, ka je asibiti. Wani lokaci ma tushen abin a jiki ya ke: ƙarancin jini, ko ciwon zuciya, ko tsokar nan ta gaban wuya, inda maƙoƙo ke fitowa, idan ta yi aiki fiye da kima ta kan kawo bugun zuciya da rama da rawar hannu. Akwai asibitocin gwamnatin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, zuwa can kuwa ba shaidar hauka ba ne. Akwai masu jiyya ta hanyar magana da horon tunani, akwai kuma magani ga wanda ya bukata. Annabi Ishaya, bayan ya kawo wa sarki Hezekiya alkawarin warkewa daga Allah, shi ne kuma ya sa a manna masa curin ɓaure a kan marurunsa. Luka wanda ya rubuta Bishara likita ne. Idan likita ya riga ya sa ka a kan magani, kada ka yanke shi domin ka karanta wannan takarda, sai da saninsa. Kada kuma tsoro ya kai ka wurin boka, wanda zai ce maka wane ne ya yi maka sammu. Za ka tafi da tsoro ɗaya ka komo da biyu, ka kuma rasa akuyarka da maƙwabcinka. In kuwa tunanin nan na Iliya ya zo maka, cewa gara mutuwa, kada ka kwana da shi kai kaɗai. Ka gaya wa wani yau, a kai ka wurin likita.

Saura ku dattawan ikilisiya da masu ziyara, da ke uwargida wadda maƙwabciyarki ta daina fitowa. Idan kun je wurin mai alhini, kada ku fara da tuhumar zunubin da ya ɓoye, kada kuma ku ce masa ya daina tunani kawai, gama da yana iyawa da ya daina tun tuni. Ku tafi da kwanon abinci. Ku tambaye shi yaushe rabonsa da barcin kirki, me ya ci tun safe, wa ke taya shi aiki. Ku bar shi ya faɗi maganarsa har ƙarshe, ko da ya maimaita ta, gama Allah ya saurari ƙarar Iliya sau biyu, kalma ɗaya, kafin ya amsa. Ku yi addu'a gajeriya. Idan mace ce mai goyo, ɗaya daga cikinku ta karɓi yaron na yini guda ta bar ta ta kwanta. Idan namiji ne, ku ce masa gobe da sassafe za ku biyo ku tafi gona tare, ku kuwa zo a kan lokacin da kuka faɗa.